Amsa: Korar wadda ta sauya jinsi daga aiki a Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko abokiyar aikinka da aka sallama a Amurka don ta sauya jinsi tana da haƙƙin a kare ta daga wariya. E, tana da shi. Sanarwar Haƙƙin Ɗan'adam ta 1948 ta ce kowa daidai yake a gaban doka, kuma a 2020 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 cikin 9, ta yanke hukuncin cewa irin wannan kora ta saɓa wa dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964.

Sharaɗin dai shi ne wurin aikin ya kasance da ma'aikata 15 ko fiye, kuma ta kai kukanta hukumar EEOC, wato hukumar gwamnatin tarayya mai sauraron koke-koken wariya a wurin aiki, cikin kwana 180 daga ranar sallamar, a wasu jihohin kuma kwana 300. Na ga wanda ya tsaya jiran sulhu har wa'adin ya wuce, kuma abin ya yi min ciwo. Ka gaya mata ta tattara takardun sallamar tun yau.