Dattijon ƙungiyarmu yana da ciwon dajin da aka ce ba zai warke ba, 'yan'uwansa sun hana allura

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Muna da ƙungiya ta masu kiwon tantabaru a nan Zariya, muna haɗuwa duk ranar Lahadi bayan la'asar a Tudun Wada. Ɗaya daga cikin dattawanmu, wanda a hannunsa yawancinmu muka koyi kiwon, ya daɗe yana rama, daga baya cikinsa ya kumbura. An kai shi asibitin koyarwa na Shika aka yi hoto da gwajin jini, aka ce ciwon dajin hanta ne kuma ya bazu, ba za a iya aiki ba, sai dai a riƙa rage masa ciwo. An rubuta masa mofin, wani maganin rage ciwo mai ƙarfi, an ce kuma a dawo da shi a zuƙe ruwan cikin. 'Yan'uwansa sun hana, wai daji ba ya son allura, mofin kuma wai shi ake ba mutum in ana so ya ƙarasa. Mun yi karo-karo mun tara kuɗi, yanzu kanmu ya rabu. Wasu na so a kai wa wani mai magani da ya yi alkawarin warkar da shi cikin kwana 40, wasu na so a bi asibiti. Da dare ba ya barci saboda ciwo. Wallahi ni ko zuwa gaishe shi ya fara yi mini nauyi, don ban san abin da zan ce masa ba. Me ya kamata mu yi?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sassauta wa dattijonku, ya saka muku da alheri.

Daga abin da ka bayyana, likitocin da suka duba shi gaskiya suka faɗa muku. Dajin hanta da ya bazu har ruwa ya taru a ciki, a mafi yawan lokuta watanni ake magana, wani lokaci ma makonni, ajali kuwa Allah kaɗai ya san ranarsa. Abin da ya rage a hannunmu shi ne yadda zai yi waɗannan kwanakin: ko yana barci, yana sallah, yana hira da 'ya'yansa, ko kuwa yana murƙususu a kan tabarma har asuba. Wannan kam muna da abin yi sosai a kansa, kuma maganar da 'yan'uwansa suka riƙe ita ce ke hana mu yi.

"Daji ba ya son allura." Kusan kullum sai na ji wannan magana a bakin wani, har da masu digiri. Ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai cin rai. Ga yadda ta samu gindin zama. Mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu, bayan an sha jiƙe-jiƙe wata da watanni. A kawo mutum a ranga-ranga, a sa masa ruwa, a yi masa allura, bayan mako biyu ya rasu, sai a koma gida a ce allura ce ta tunzura dajin. Wannan daidai yake da a ce 'yan kwana-kwana ne ke ƙona kasuwa, tunda duk inda aka yi gobara ana ganin motarsu. Ciwon ya riga ya gama ɓarnarsa kafin allurar ta taɓa fata. A ɗaya gefen kuma, maruru da ƙurajen da ke zagaye rabin jiki da kumburin ƙafa, duk mai magani daji yake kiransu. Da yawansu da kansu suke warkewa. Ya shafa garinsa, su warke, shi ke nan ya samu shaidar da zai hau mota da lasifika ya zagaya kasuwar Sabon Gari yana cewa ya warkar da dajin da likitoci suka kasa. Ku tambaye shi takardar gwajin asibiti ta mutum ɗaya tak da aka tabbatar yana da dajin hanta kafin ya sha maganinsa, da hoton da aka sake yi bayan ya sha. Ba zai kawo ba. In ya nuna muku lambar NAFDAC a jikin kwalba, wannan lamba ba shaida ba ce ta cewa abin da ke ciki yana warkar da daji.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, waɗanda suke hana allurar asibiti da aka dafa aka tsabtace su ne za su miƙa cikin mara lafiya a yi masa tsaga da reza, ko a kafa masa ƙaho. Reza ba ƙarfe ba ce kamar allurar? Hanta ita ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare, don haka mai ciwon hanta in aka tsaga shi jinin ba ya saurin tsayawa, ciwon kuma ya ruɓe. Sai a ɗura masa jiƙon da zai sa shi amai da zawo, a ce wai cutar ce ke fita. Babu wata cuta da ke fita, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, ƙoda kuma ta tsaya. Masu irin wannan ciwo jijiyoyin jinin maƙogwaronsu kan kumbura, in ɗaya ta fashe sai aman jini, kuma a nan ake rasa da yawa. Yawancin abin da mutum ya sha hanta ce ke tace shi. Hantar da ta riga ta gaza, ina ita ina tace saiwar da babu wanda ya san adadin dafin da ke cikinta? In an kwana 40 bai warke ba, za a ce muku an makara ne, ko an karya doka, ko akwai hannun mutum. Kuɗin dai ba ya dawowa.

Zuƙe ruwan ciki ba tiyata ba ce. Ana kashe zafin wurin, a sa siririn bututu a gefen ciki, ruwa ya fita a hankali, wani lokaci lita da yawa. Mutumin da ba ya iya kwanciya sai ka ga ya kwanta, numfashi ya daidaita, har ya nemi kunu. Ina so ku gaya wa 'yan'uwansa tun yanzu cewa ruwan zai sake taruwa, domin ciwon da ke kawo shi yana nan. In ba a gaya musu ba, ranar da ya dawo za su ce kun gani, allura ta fusata shi. Ana iya sake zuƙewa in bukata ta taso. A asibiti ake yi, saboda a kula da bugun jininsa da tsabtar wurin.

Mofin kuma, mafi yawa ma na sha ne, ruwa ko ƙwaya, babu ruwansa da allura. Na san inda tsoron ya samo asali. Mun ga yadda tiramadol da kodin suka lalata mana matasa, har gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Amma yaron da ke sha don ya bugu daban, dattijon da daji ke cin hantarsa daban. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin rage ciwon daji mataki-mataki, kuma mofin ne a matakin ƙarshe na ciwo mai tsanani. Yana cikin jerin magungunan da hukumar ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba. A Yuganda, Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyar kula da irin waɗannan marasa lafiya a 1993, kuma ruwan mofin mai arha ne ginshiƙin aikin, ana kai wa mutane har gidajensu. Ana farawa da kaɗan, a ƙara gwargwadon ciwo, kuma da yake hantarsa ta raunana likita zai rage adadin ko ya tsawaita tazarar sha. Idan aka bi haka ba ya gajarta kwana. Dalilin da ya sa ake cewa yana ƙarasa mutum shi ne ana ɓoye kwalbar har sai mara lafiya ya kai gargara sannan a ba shi cokali ɗaya, ya cika washegari, a ɗora wa maganin laifi. Ita kanta kulawar rage raɗaɗi, wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka aka buga a 2010, a kan mutum 151 masu dajin huhu da ya bazu, ya nuna waɗanda aka fara musu ita da wuri sun fi jin daɗin rayuwa, har sun ɗara sauran tsawon kwana, wata 11.6 a kan wata 8.9. Ba ina yi muku alkawarin haka ga dattijonku ba ne, ciwonsa daban. Ina nuna muku ne cewa rage wa mutum azaba ba sallama shi ba ne.

A ba shi a kan lokacin da aka rubuta, dare da rana, kada a jira sai ya fara nishi. Kwana biyu ko uku na farko zai iya yin gyangyaɗi ko tashin zuciya, yakan wuce. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, kuma ga mai ciwon hanta wannan na iya kawo ruɗewar tunani, don haka kada a bar asibiti ba tare da maganin sassauta ciki ba. In ya yi barcin da ake wahalar tashinsa, ko numfashinsa ya ragu sosai, a dakata da maganin a nemi likita nan take. Kada kowa ya sayo masa ibufurofen ko dikilofenak a kemis, suna iya jawo masa zubar jini su kuma taɓa ƙoda. Kwalbar a kulle ta, mutum ɗaya ya riƙe makulli. Mofin ba a sayar da shi a shago, sai da takardar likita, kuma a ƙasar nan dokar da aka yi don mashaya ta fi takura wa marasa lafiya: sa hannu nan, hatimi can, wani lokaci a ce ya ƙare. Saboda haka ku koma karɓo wani tun da sauran na kwana uku ko huɗu, kada ya yanke muku a daren Juma'a.

To ku 'yan ƙungiya ba ku ne masu yanke hukunci ba, kuma in kuka shiga gidan da faɗa za a rufe muku ƙofa. Ku nemi wanda iyalin ke jin maganarsa, babban wa ko limamin unguwa, ku ɗauke shi ku kai shi ya ji daga bakin likita. Sannan a tambayi mai ciwon. Yana cikin hankalinsa, jikinsa ne, shi ke kwana ba barci. Sau da yawa ana ɓoye wa mutum sakamakonsa alhali ya daɗe da ganewa, kowa na yi wa kowa kara, shi kuma ya rasa wanda zai gaya wa bashin da ake binsa da wanda yake bi. Musulunci ya kwaɗaitar da rubuta wasiyya tun mutum yana lafiya, balle yanzu. Ba sai an tsorata shi ba. A tambaye shi me ya fahimta game da ciwon, me yake so ya sani, a tsaya inda ya tsaya.

Kuɗin da kuka tara ya zauna a hannun ma'aji, a rubuce. Ya tafi a motar zuwa Shika da dawowa, da magani, da cefanen gidan, da kuɗin makarantar yara in zai kai. Kada ku sa hotonsa a WhatsApp ko Facebook don neman taimako sai da izininsa, dattijo ne mai mutunci.

Maganar nauyin zuwa gaishe shi, Malam, ka je. Gaida mara lafiya haƙƙi ne da Musulmi ke da shi a kan ɗan'uwansa, kuma abin da masu irin wannan ciwo suka fi kuka da shi shi ne a makon farko zaure ya cika, bayan wata ɗaya a ɗauke ƙafa. Ku raba kwanaki, mutum biyu-biyu, kada ku daɗe, in yana barci ku gaida iyali ku juya. Ka yi masa addu'ar samun sauƙi, babu ƙarya a cikin addu'a. Abin da nake hana ku shi ne "ai ka kusa miƙewa" da labarin wane da ya sha kaza ya warke. In ka rasa abin faɗa, ga tantabaru. Kowa yanzu maganar ciwo yake yi masa, ku kaɗai ne za ku iya tambayarsa wacce za a haɗa da wacce, ko me ya sa wance ta ƙi kwanci, ya ba ku amsa a matsayinsa na malaminku. Ku ɗauke masa ba su dawa da ruwa da sharar ɗakinsu. Shi kada ya yi sharar, ƙurar busasshen kashin tantabara na ɗauke da ƙwayar cutar da ke kama mai raunin jiki. Ku tambaye shi wa yake so ya riƙe su, kada a sayar a bayan idonsa. In an yi masa farfesun 'yan shila ya sha cokali biyu ya ture, a ƙyale shi. Rashin cin abinci daga ciwon yake, ɗura kuma wahala ce kawai take ƙara masa.

Ku ji tsoron Allah a kan wannan bawan nasa. Wanda ya hana shi maganin ciwo saboda jita-jitar da ya ji a majalisa, ya tafi gida ya yi barcinsa, ba shi ne ke jin abin da ake ji da ƙarfe 2 na dare ba. Haƙuri da jarrabawa bai hana neman magani ba, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da a nemi magani. Mutumin da ciwo ya lafa masa shi ke iya alwala, ya riƙe carbi, ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa.

Akwai kuma aikin da bai kamata ya jira ba. Babban abin da ke jawo dajin hanta a yankinmu shi ne ciwon hanta nau'in B, sai gubar da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. Ku tambayi likitansa ko an same shi da nau'in B. In haka ne, matansa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa na ciki ɗaya duk a gwada su. Wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi, allura 3 ce. Wanda yake da shi a fara bibiyarsa a asibiti tun hantar tana da lafiya, akwai maganin da ke danne ƙwayar cutar. Najeriya ta sa wannan rigakafi cikin na jarirai ne a 2004, don haka manyan 'ya'yansa da aka haifa kafin nan da wuya in sun samu. Ku ware kuɗin wannan gwaji daga cikin abin da kuka tara, kuma aska da reza da buroshin haƙoransa kada wani ya yi amfani da su.