Ranar farko a Alkahira

Malam, ka tambaya ko Bazazzagi zai iya da cunkoson Alkahira idan ya je hutu da iyali. Zai iya, amma ranar farko kai sai ya ɗau zafi. Birnin da kewayensa sun haura mutum miliyan 20, kuma kowane direba hannunsa na kan hon. Hayaniyar Kwangila a Zariya ranar jajibirin sallah wasan yara ce a kan ta Dandalin Ramsis.

Abin da ya fi ɗaure min kai tsallaka titi ne. Motoci ba sa tsayawa. Ka raɓi wani ɗan gari, in ya taka ka taka, kar ka kuskura ka ja da baya a tsakiya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi tasi sauri, ga taragon mata zalla, Hajiya za ta sake.

Kar ka kwashe su zuwa kasuwar Khan al-Khalili ranar da kuka sauka, gajiya za ta sa a cuce ku a ciniki. Ku huta tukuna. Washegari ku yi azahar a Masallacin Azhar, kasuwar tana tsallaken titi. Larabcin islamiyya 'yan gari za su gane shi, amsarsu ce dai sai ka ce a maimaita.