Wane fenti zan shafa wa yara a fuska ranar bikin makaranta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce a nan Katsina, wajen Ƙofar Marusa. Ƙarshen zangon nan muna da bikin yaye ɗalibai, ’yan ajina za su yi wasan Gizo da Ƙoƙi, da zaki da kura da biri. Yara 14 ne, ƙaraminsu shekara 4. Muna da kalar zane da maka a ofis, kuma an rubuta a jikin kwalin cewa ba su da guba. Wata abokiyar aikina ta ce baƙin kuma mu sa dayis irin na lalle, ya fi fitowa a hoto. Ya halatta in shafa musu? In bai yi ba, me zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri da kika tambaya tun kafin ranar, don galibi sai fuska ta kumbura ake zuwa mana.

Dayis ɗin nan ki ajiye shi can nesa. A duk abin da kika lissafa shi ne ya fi tayar mini da hankali. Lalle na gaskiya ja yake kamawa, ko ruwan goro. Abin da ke sa shi baƙi wuluk cikin ’yan mintoci wani sinadari ne na rinin gashi da ake kira PPD, kuma ba don fata aka yi shi ba. Muguntarsa ita ce ba ya nuna kansa nan take. Yaro zai yi wasansa, a ɗauki hoto, kowa ya watse, sai bayan ’yan kwanaki, wani ma har mako biyu, wurin ya fara ƙaiƙayi, ya tashi, ya ɗuri ruwa, daidai da zanen da aka yi. Bayan azumin wata shekara an kawo mini wani yaro da aka zana wa gashin baki da dayis don tashe. An ci Sallah, an yi hawa an sauka, gashin bakin nan yana nan raɗau, sai dai ya koma gyambo. Kuma wanda jikinsa ya taɓa ƙin PPD ya ƙi shi ke nan har girma, ko rinin furfura ya taɓa sai abin ya dawo.

Kalar zane da maka su ma a bar wa takarda. Rubutun “ba shi da guba” da kika gani, nufinsa in yaro ya lasa kaɗan ba zai cutu ba. Ba a gwada su don su wuni a kumatu cikin gumi ba. Fentin akirilik yana bushewa ya zama kamar leda, wajen ɓare shi ake yi wa fata rauni, ita kuwa maka sai an dirza da ƙarfi take fita. Haka baƙin cikin batir da yara ke fasawa, da shunin wanki, da fentin gini, duk kada su taɓa fuska. Baƙin tukunya da bula da muka yi tashe da su muna yara, to, mun sha, amma tukunyar da aka ɗora kan risho ko wutar leda ba irin ta kakanninmu ba ce.

Abin da za ki nema shi ne fentin da aka yi musamman don fuska, mai narkewa da ruwa. Yana zuwa a ƙananan gwangwanaye kamar hodar mata, a jiƙa soso ko burushi a goga a kai. Snazaroo da Mehron suna cikin sanannun da ake samu. Ki fara da shagunan kayan kwalliya da manyan kantuna kafin teburan bakin kasuwa, in ba ki samu ba a yi miki saƙo daga Kano. Ki juya kwalin ki duba sunan kamfani da adireshinsa, jerin abubuwan da aka haɗa, ranar da zai daina aiki, da lambar NAFDAC. Akwai wani ɗan hoton gwangwani mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta 12M ko 24M, wato watannin da zai yi bayan an buɗe shi. Wanda ya zo tsirara, ba suna ba jeri, komai arharsa ki bar wa mai shi kayansa.

Dalilin wannan tsanantawa dalma ce. Wasu launuka masu arha suna ɗauke da ita, tare da ƙarafa irin su nikel masu sa ƙaiƙayi. A 2009 wata ƙungiya a Amurka ta gwada fentin fuskar yara kala 10, aka samu ɓurɓushin dalma a dukkansu. Mu kuma nan ba sai an ba mu labari ba, mun ga abin da gubar dalma ta yi a maƙwabciyarmu Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ko da yake can daga haƙar zinare ne. Ba ta fata dalma ta fi shiga jiki ba. Yaro ne zai shafa fuska, ya ɗauki cincin, ya kai baki. Kuma ba ta da wani ɗan ƙaramin adadi da za a ce ba komai ga ƙwaƙwalwar yaro. Shi ya sa nake cewa kada a ɗauko kwallin dutse a zana wa kura ido. A 2011 a birnin Boston an gwada wani kwalli da aka kai daga Najeriya ana sa wa jariri, aka tarar sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Na san wannan magana ba ta yi wa iyayenmu mata daɗi, amma haka take. In gashin bakin zaki kike so, jagira mai rajista ta wadatar.

Kin sayo, to saura gwaji. Kwana biyu kafin biki ki ɗiga kowace kala a cikin hannun kowane yaro, wajen lanƙwasar gwiwar hannu, ki gaya wa iyaye su lura. Kada ki jira ganin ja, don a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Ki nemi ƙaiƙayi, ɗan kumburi, ko ƙananan ƙuraje da za ki ji da yatsa. Kuma fatarmu in ta ƙone da irin wannan, baƙin tabon da take bari yana iya yin watanni, ga shi a fuska. Ki sanar da iyaye tun yanzu, ki tambayi wanda yake da borin jini ko asma ko fatar da ba ta son sabon sabulu.

Ranar, ki fara duba fuskokin. Mai makero, mai ƙurajen zafi da suka fashe, mai ciwon ido, mai majina tana zuba, mai tsagewar leɓe, duk kada fenti ya taɓa su. A yanka musu kunnuwan kwali a ɗaura da zare, biri ya fito biri. Soso ɗaya yaro ɗaya. Ba sai kin sayi 14 ba, ki yayyanka babba guda. Burushi a wanke tsakanin yaro da yaro, a riƙa sauya ruwan kofin, don da soso guda ake raba wa aji guda afolo. Ki bar tazarar yatsa tsakanin fenti da ido, haka wajen baki da ƙofar hanci, musamman ja da launukan nan masu walƙiya. Ƙyalƙyalin aikin hannu da ake yayyafa wa kati yana da kaifi, in ya faɗa ido yana karce shi. Ɗan shekara 4 ɗin nan ɗan zane a kumatu da kan hanci ya ishe shi, in kuma ƙannen da ba su kai shekara 3 ba suka zo kallo suna kukan a yi musu, a ba su alawa. Wanda ya ce ba ya so, a ƙyale shi.

Zafin garinmu ma abin lura ne. Mai narkewa da ruwa gumi yana kwararo da shi, don haka ki yi zanen dab da fara wasa, a inuwa, siriri ba kauri ba, ki ajiye tsumma mai tsabta don share goshi kafin ya gangaro ido.

Da an tashi a wanke, kada kowa ya kwana da shi. Ruwan ɗumi da sabulun jarirai sun isa. Inda ya maƙale a shafa man zaitun ko man kaɗanya ko basilin, a bar shi minti kaɗan, a share a hankali. Ban da kananzir, ban da fetur, ban da omo, ban da dirza da soson wanka.

In yaro ya ce yana masa zafi, a wanke nan take, ba sai an gama wasa ba. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta kamar minti 15. Ƙurajen da suka ɗuri ruwa ko suka wuce kwana biyu sai a ga likita, kuma kada a shafa man bilicin ko wani kirim na kyamis da ka. Amma kumburin leɓe ko fatar ido, ko numfashi yana sarƙewa, wannan ba na jira ba ne: a ɗauke shi zuwa Asibitin Turai Yar’adua ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda ya fi kusa, a tafi da gwangwanin fentin a hannu don likita ya ga abin da ke ciki.