Amsoshin Tambayoyinku: Gilashin Duba Bakin Aska da Dutsen Washi

Wani mai shagon aski a Fagge ya rubuto cewa ya ga gilashin ƙara girma iri uku, na sau 10, na sau 60 mai fitila, da na jonawa a kwamfuta da aka rubuta wa sau 1000. Yana tambayar wanne zai saya don duba bakin aska.

Malam, sayi na sau 10, irin na masu zinare da masu gyaran agogo. Shi ake riƙewa kamar santimita biyu da rabi daga bakin askar, haske ya samu wurin shiga, ka ga giɓi, ka ga tsatsa, ka ga inda dutse bai taɓa ba. Na sau 60 in na gaske ne sai ka kusan manna shi da ƙarfen, abin da zai nuna maka bai fi ƙwayar shinkafa ba, hannunka na ɗan rawa hoton ya gudu. Mutane da yawa a nan suke kartar bakin da suka ɓata awa guda suna gyarawa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lambobin da ake bugawa a jikin kwali. Kowa ya san yadda kayan waje suka yi tsada, amma sai mutum ya ga an rubuta 1000 a kan abin da kuɗinsa bai kai na cajar waya ba, ya zaro kuɗi yana murna ya yi tsintuwa. Hoton kawai ake buɗawa a allo, ba ya ƙara nuna komai. Je da rula kasuwa. Ɗora gilashin a kanta, in an ce maka sau 60 ne kuma ka ga santimita guda cif a ciki, ajiye musu kayansu. Haka duwatsun washi masu fuska biyu da ake rubuta wa 3000 da 8000, wato lambar laushin dutse, mai babbar lamba ya fi laushi. Da yawansu lambar ado ce. Goga bayan tsohon cokali a fuskar da aka ce 8000 ce: ta gaske sheƙi za ta bari kamar madubi, ta bogi kuwa za ka ga zane-zane da idonka ba tare da gilashi ba. Mai kaya ya hana ka gwadawa, ka yi gaba. Dutse ɗaya na 1000 na ƙwarai, irin su King ko Naniwa na Japan, ya fi jabu uku amfani, domin a kansa ake kafa baki, sauran duwatsun gogewa kawai suke yi.

Wani daga Kurna yana tambaya ko zai iya kai askarsa wurin masu injin wasa wuƙa, ko ya goga ta a dutsen mahauta.

Haba ɗan'uwa! Aska ce fa, ba adda ba. Injin zai ɗumama bakin har ya yi shuɗi, taurin ƙarfen ya tafi ke nan. Dutsen mahauta kuma kaushinsa zai bar maka baki kamar zarto. Kada ka soma.

Wani matashi daga Gwale ya ce ya gaji askar mahaifinsa mai naɗewa, ƙirar Solingen ta Jamus. Ya wasa ta kwana uku ba ta aske ko gashin hannu ba, yana tsoron ya lalata ta.

Allah ya jiƙan mahaifinka, yarona. Kwantar da hankalinka, da wuya kwana uku su kashe irin wannan aska. Fara da dutsen, don yawanci shi ne ya yi rami a tsakiya. Zana layuka da fensir a fuskarsa, shimfiɗa jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 320 a kan gilashin taga, ka yi ta gogawa har layukan su ɓace duka. In dutsen mai shan ruwa ne, jiƙa shi kamar minti goma. Sannan shafa tawadar baƙin alƙalamin maka a bakin askar gefe biyu, kwantar da ita yadda bayanta da bakinta za su taɓa dutse tare, ka tura baki gaba kana karkatawa daga gindi zuwa tsini. In za ka juya, juya ta kan bayanta. Bayan turi biyar ɗauko gilashinka: duk inda baƙi ya rage, dutse bai kai wurin ba. Kada ka danna. Irin wannan askar siririya ce, dannawa na lanƙwasa ta, bakin ya tashi daga dutse kai kana ganin aiki kake yi. Ka haska tocila a kan bakin kai tsaye. In ya mayar da haske kamar farin zare, gefen biyu ba su haɗu ba tukuna. Kada ka bar dutsen 1000 sai ta aske gashin hannunka daga gindi har tsini, daga nan 4000, sai 8000 da turi kamar ashirin marasa nauyi. In kana jin tausayin bayan askar, manna masa baƙin salatif na masu wayarin falle ɗaya, amma ka riƙa yin hakan a kowane washi.

Wannan bayanin na askar kanti ne. Askar wanzamai ta maƙeranmu ba lallai bayanta ya ba ka kusurwa ba, hannu ke riƙe ta, wannan kuwa sai an zauna gaban wanda ya iya.

Wani wanzami daga Dala ya ce fatar da yake goga aska a kai ta tsage da hunturu, ko ya shafa mata man gyaɗa?

A'a Malam, zai yi danƙo ya kama ƙura, ƙurar kuma ta kartar maka baki. Tafin hannunka ya isa, ka riƙa murza ta kullum da safe. In tsagewar ta yi tudu, sake wata. A kan fata bayan askar ne ke gaba, baki na biye, kamar sau hamsin kafin aski, fatar a miƙe tsaf.