Injin tatsar nonona ya daina ja, Anti

Tambaya: Salam Anti, daga Tawa nake rubutowa. Jaririna wata 3, na koma aiki shi yasa nake tatsa in bar mishi, to yanzu injin yana kara amma baya ja kaman da, nono sai dis dis. Ya lalace ne ko nono ne ya kafe?

Amsa: Wa'alaikumussalam kanwata, kar ki daga hankalinki, yawanci ba motar injin bace, yar robar nan ce ta kasa mai kama da bakin agwagwa, ita ke rike iska, in ta saki ko ta dan tsage shikenan karfin ja ya tafi. Ki daga ta a haske ki matsa kadan, in bakin ya tsaya a bude to ta gama aiki. Mai tatsa kullum ana so ta canza ta duk wata 1 zuwa 3, kuma ki sayi ta irin injin naki, ki tafi da tsohuwar robar zuwa farmasi su gwada, in babu a Tawa a aiko miki daga Yamai, guda biyu ma don ajiya.

Duk abinda nono ya taba a wanke da sabulu bayan kowace tatsa, a kwano nasu daban ba na miya ba, a bari su bushe da kansu a rufe da kyalle mai tsabta saboda kurar nan tamu. Tiyon iska kuwa ba'a jika shi, in kinga baki baki a ciki yar dashi.

In kin canza robar har yanzu nono bai karu ba, ki leka wajen ungozoma a matanite.