Tambaya da Amsa: Shukar da Sanyi Ya Buga

Wata baiwar Allah daga Manchesta a Ingila ta rubuto game da monstera, wata shukar ado ta cikin ɗaki mai manyan ganye: "Na yi tafiya a watan Janairu, na kashe hita na bar monstera ɗina a jikin taga. Na dawo ganyen ya yi baƙi ya langaɓe. Ta mutu ke nan? Ko in sayi takin ruwa?"

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Ki sa farce ki ɗan kankare jikin karan. In kin ga kore a ciki kuma da tauri, da sauran rai. Asalin monstera dazuzzukan kudancin Meziko ne, da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 na ma'aunin Salsiyas take fara jigata, kuma cikin dare jikin gilashi ya fi ko'ina sanyi a ɗaki. Ki matsar da ita inda haske yake, amma kada ki manna ta da hita. Duk inda ya yi luguf yana wari ki yanke da almakashi mai tsabta. Ruwa kuwa sai kin tsoma yatsa kin ji ƙasar ta bushe. Sabon toho sai wajen Afrilu.

Taki kam a'a. Saiwar da sanyi ya taɓa ba ta jan komai, gishirin takin ƙona ta zai yi. Wanda ko kunu ba ya iya haɗiya ai ba a ɗura masa tuwo. Na gaji da wasiƙun masu ganin ganye ɗaya ya yi rawaya su garzaya Instagram su sayi kwalbar "maganin farfaɗo da shuka", ba sunan kamfani, ba lambar NPK mai nuna yawan sinadaran taki, ba a ma rubuta abin da ke ciki ba. Kuma in dole sai an sayi sabuwar shuka a bakin titi, a ɗan ja karan a hankali. Wasu reshe suke yankowa su soka a baƙar leda, ba saiwa ko ɗaya.

Wani daga Kano ya ce gefen ganyen fulawarsa ya bushe tun shigowar hunturu. Malam, wannan bushewar iska ce da ƙura. Ka goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, ka kawar da tukunyar daga bakin ƙofa.

Wani kuma wai ko ya zuba wa shukarsa ruwan zafi ta ji ɗumi? Haba Malam, miyar ganye za ka yi? Ruwan da ya kwana a ɗaki ya isa.