Zauren Marubuta: Labarin aminai biyu daga ƙuruciya zuwa furfura

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina rubuta labarin ƙawaye biyu 'yan Tudun Wada da suka taso tare tun firamare har suka kai shekara hamsin. Na kai babi na tara, amma waɗanda nake tura wa a WhatsApp sun ce labarin ba ya tafiya. Ina matsalar take? Daga wata marubuciya a Tudun Jukun, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ciwon nan sananne ne, kuma yawanci daga wuri biyu yake tasowa.

Na farko, bin shekaru a jere. Idan kika faro daga ranar da aka kai su aji ɗaya, kina bin su shekara bayan shekara, mai karatu zai gaji tun ba a ɗaura auren kowa ba. Ki buɗe da su a shekara hamsin ɗin, a ranar da wani abu ya girgiza su, rasuwar miji ko takardar saki. Daga nan ki zaɓi lokuta biyar ko shida kacal da za ki riƙa komawa: haɗuwarsu, auren ta farko, haihuwar fari, babban saɓaninsu, shekarun da suka yi ba sa ga-maciji. Abin da ke tsakani jimla biyu ta ishe shi. Babi 20 zuwa 25, kowanne kalma 1,500 zuwa 2,000, ya wadatar.

Na biyu ya fi girma: ƙawancen da babu abin da ya taɓa gwada shi ba labari ba ne. Amma don Allah ki kauce wa ƙawar da ta aure mijin ƙawarta, an sha wannan har ya gundura. Abin da ke raba aminai a zahiri ya fi haka sanyi, ya kuma fi ciwo. Ɗaya ta ci gaba da karatu har tana koyarwa a Samaru, ɗaya an cire ta daga aji uku an yi mata aure. Zubin adashi da aka ci ba a biya ba. Haɗa 'ya'ya aure don ƙarfafa zumunci, auren ya zo ya mutu. Ko biki: a al'ada wadda aka yi wa gudunmawa takan rama da abin da ya fi, to ya za ta yi ranar da ƙarfinta bai kai ba? Kada ki rubuta "ta ji kunya". Nuna mana ita ta shigo gidan suna da sabulu a baƙar leda, ta hango turamen atamfa jibge a kan gado, ta tura ledar bayan ƙofa da ƙafa.

Sai kuma lissafin zamani, inda marubuta da yawa ke tuntuɓe. Ki ja layi a takarda ki rubuta shekarar haihuwarsu. In 1975 ce, wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001 suna da shekara 26, don haka duk abin da ya faru kafin nan sai wasiƙa, saƙon baki ko kaset. Takardar naira 500 ta fito a 2001, ta naira 1,000 a 2005, kada a ga ana liƙa su a bikin 1993. Haihuwar farinsu ma, in a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ne, a Tudun Wada za ta kasance, domin a lokacin bai koma Shika ba. 'Yar Zariya za ta gane kuskuren nan take.

TAMBAYA: Jarumata shekararta 48, mijinta ya rasu, ina so ta sake sabuwar rayuwa. Me zan kiyaye? Daga wata malamar makaranta a Kwarbai.

AMSA: Malama, fara da hukuncin addini, domin shi ne zai tsara miki kwanakin labarin. Takaba wata huɗu da kwana goma ce. Da saki ne, idda tsarki uku ce, ko wata uku ga wadda ta daina al'ada, mai ciki kuwa sai ta haihu. A cikin wannan lokaci ba a fito wa mace da neman aure ƙarara, saboda haka bazawarin da ya yi sallama ranar sadakar arba'in da maganar sadaki ya ɓata miki littafi, sai dai in so kike ki nuna rashin ta-idonsa.

Gado ma ya zama daidai. In mamacin ya bar 'ya'ya, rabon mata tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas, kuma in su uku ne wannan tumunin za su raba. Ga labari nan kwance: gidan da ta shekara talatin a ciki ya shiga rabo, ina za ta zauna? Ga 'ya'ya manya da ke ganin auren uwarsu abin kunya ne. In akwai ƙanana, a mazhabar Malikiyya uwa ce ke da riƙo, amma in ta auri bare riƙon yakan koma ga mahaifiyarta. Ki kai wa malamin fiƙihu waɗannan babuka ya duba kafin ki saki.

Ra'ayinmu, Alhajin da ke faɗowa da mota da kujerar Makka a babin ƙarshe ragwancin marubuci ne. Sabuwar rayuwa tana iya zama komawa makaranta ta zauna aji ɗaya da sa'o'in 'yarta, ko buɗe shagon ɗinki a Sabon Gari da kuɗin tumuninta. In auren ne, ki tuna bazawara da bakinta take magana, ita ke gindaya sharaɗinta. Kuma kada aminiyar ta ɓace da zarar namiji ya bayyana. Ita ce mai taya zaman takaba, ita ce mai binciko asalin bazawarin, ita kaɗai ke iya cewa "ke, wannan ba mijin aure ba ne" a zauna lafiya. Ki duba littafin Mariama Ba ta Senegal da ya fito a 1979, wanda aka fassara da suna So Long a Letter: gaba ɗayansa wasiƙa ce da mai takaba ta rubuta wa aminiyarta ta ƙuruciya, manema suka fito, duk ta ƙi su, kuma labarin bai rage komai ba.

TAMBAYA: Labarin da nake son rubutawa na ƙawata ne na gaskiya. Canza suna ya isa? Daga wata 'yar'uwa a Gyallesu.

AMSA: Bai isa ba, 'yar'uwa. A Zariya kowa ya san kowa, daga sana'ar miji da yawan 'ya'ya za a gano ta kafin babi na uku. Ki canza unguwa, sana'a, adadin 'ya'ya da shekarun da abubuwan suka faru, ki gauraya halinta da na wasu mata biyu. Abin da ta faɗa miki a matsayin sirri kuwa amana ne. Ki nemi izininta tun kafin ki fara, in ta ce a'a ki cire wannan ɓangaren ki ƙirƙiro wani.